Ƙananan Ƙwayoyin Magani

"Malam, ina ƙananan ƙwayoyin?" likitan ya tambaye shi, yana zazzage ledar magani a kan tebur.

A bayan labule matar mutumin ke ta fizge-fizge, ma'aikatan jinya sun danne ta. Makon jiya aka gano tsutsa a ƙwaƙwalwarta, aka sallamo su daga asibitin nan na Funtua da magani iri biyu. Manyan, masu kashe tsutsar, bai taɓa bari ta tsallake ba. Ƙananan kuwa kallo ɗaya ya yi musu ya gane su: irinsu masu kiwo ke saye ranar kasuwa.

"Ai na ƙiba ne, Likita. Ita kuwa ba rama ke damunta ba."

Likitan ya dafe kai. "Innalillahi! Idan tsutsar tana mutuwa, ƙwaƙwalwa kumbura take yi. Su ne ke hana kumburin. Ina ka kai su?"

 Ragon layyarsa ne ya faɗo wa mijin a rai, ɗaure a gindin darbejiya can garinsu Ƙarfi, wanda ko jiya maƙwabta ke yaba yadda ya murmure. Kullum da safe, da hannunsa yake murƙushe masa ƙananan ƙwayoyin cikin dusa.