Jan Wake

Na cusa hannu a kwano, na ci dafaffen waken a gabansu, a tsakiyar kasuwar Bukkuyum.

"Kun gani? Sabon iri ne, masana suka gyara shi don tsutsa ta bar shi. Ba ya cutar da kowa. Feshi biyu ya ishe ku maimakon takwas."

Baba Gambo, wani tsohon manomi, ya ce, "Ɗan boko, dalmar da ta kashe muna ɗiya ma ƙasa muka ɗauke ta. Ci abinka."

Aka yi dariya. Awa biyu ina bayani, babu wanda ya karɓi ko ƙwaya. Na ce musu jahilci zai ƙarasa su. Inna tana gefe da kwandonta tana kallona. Na aika buhun irin gida, na wuce wani taro a Gummi.

Da la'asar aka kira ni asibiti. Nas Lilian ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu a kan 'yata Safa. Ta ce ba waken da Safa ta ci ba ne ya kashe ta, jan maganin ƙwari ne da ake shafa wa irin shuka. Wanda na ci a kasuwa ba shi da maganin. Gargaɗin yana jikin buhu, da Turanci. Cikin awa biyun nan ban faɗe shi ba.

Ban ji komai ba. Na zauna a benci kusa da Inna. Tafin hannunta jawur.

"Sau uku na wanke waken kafin in dafa," ta ce. "Sun yi maka dariya, Mu'awiya. So na yi ka iske a gidanku an yarda da kai."