Babur a Kasuwar Madawa

Zaharaddini ya danna sirdin babur ɗin da hannu biyu. Sirdin ya nutse, bai taso ba.

Surukinsa, Malam Ayuba, shi ya kira shi kasuwar Madawa ya duba masa. Ga dillali tsaye a gefe. Zaharaddini ya ce a ransa, yau tsohon zai san ɗiyarsa ba rago ta aura ba.

Ya shafa ƙarfen gaba, mai ya ɓata masa yatsu. Ya ja sarƙa, ta yi lako-lako. Ya tada injin, hayaƙi ya turnuƙe, ya kashe shi ya miƙa wa tsohon makulli.

"Mi ka gani?" in ji tsohon.

Zaharaddini ya ɗaga murya don dillali ya ji. "Baba, wannan gawa ce aka yi wa fenti. Sai makaho zai saye shi. Ko kyauta aka ba ni, ba ni karɓa!"

Dillali ya sunkuyar da kai.

Malam Ayuba ya daɗe yana kallon makullin da ke hannunsa.

"Jiya na saye shi, da na saida albasata," ya ce a hankali. "Naka ne. Na gaji da ganinka kana zuwa garin Bangi da ƙafa."

Zaharaddini ya rasa inda zai sa idonsa.