Bektar Malam Nata'ala

Malam Nata'ala, tsohon malamin lissafi a Gwale, ya buga takardar jarrabawar 'yarsa a teburin lakcaranta.

"Soja sun sauka, zalunci ya ƙare! Bekta kibiya ce mai tsawo da alƙibla, ni na koya mata. Don me ka kayar da ita?"

Lakcaran ya rusuna. "Malam, a fanninmu bekta 'yar dako ce, mai kai ƙwayar gado cikin wata halitta."

Malam ya sake duba takardar. Shekara talatin yana riƙe da alli, ashe shi ya kayar da 'yarsa.

Lakcaran ya ce, "Ba ku gane ni ba? Umair ne. Ku kuka kore ni daga aji don na kasa bekta. Na gudo kimiyyar halittu, na tarar tana jirana."