Ɗakin da Tela Ya Gina wa Mahaifiyarsa

Ka ce ka riga ka sauke bulo da yashi a ƙofar gida, takardar izini kuwa ta biyo baya. To, gyara zama ka ji misalin wani tela, kafin ka sa a kafa diga a ƙasa.

Telan nan yana zaune ne a sabuwar unguwa, irin wadda hukuma ta yanka da awo, kowane gida da iyakarsa a takarda. Mahaifiyarsa tana can ƙauye ita kaɗai, tsufa ya kama ta, ƙafa ta ƙi, ɗakinta na ƙasa kuma daminar bara ta cinye masa gindi. Ba shi da buri a duniya kamar ya ɗauko ta ta ƙarasa kwanakinta kusa da shi, ya riƙa durƙusawa yana gaishe ta kowace safiya. Sai dai shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta aiko masa cewa kunya ba za ta bar ta ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da shi da matarsa ba. In yana so ta zo, ya yi mata ɗakinta daban, da ƙofarta da ɗan wurin alwala. Ya dubi filin da ya rage a bayan gidansa, ya ce nan ya isa. Maginin da ya kira, wani dattijo, ya zaga wurin ya ce, "Malam, ka nemo izini tukuna, su zo su gwada. Nan ba kamar cikin gari ba ne." Tela ya je ofishin masu tsara gari sau ɗaya tak. Aka ce ya kawo takardar fili da zanen ginin, za a turo mai awo, abin zai kai kwana arba'in. Kwana arba'in! Ya fito ya dubi gabas, ga gajimare har ya fara taruwa. Ya ce a ransa, gida nawa, fili nawa, uwa tawa, wa kuma zan roƙa? Mahaifinsa da ya gina nasu, wace takarda ya nema? Sai ya yi yadda ya tashi ya ga ana yi. Ya kira mai unguwa da maƙwabtansa biyu, aka duba inda indararo zai riƙa zubar da ruwa, kowa ya ce ba a cuce shi ba, aka raba goro, aka shafa fatiha. A ganinsa magana ta ƙare. Ka ji fa, mutumin da ba ya sa almakashi a yadin kowa sai ya gwada sau biyu, shi ne ya sa aka haƙa harsashi babu awo.

Cikin mako uku ɗaki ya tashi, an buga kwano, an yi shafe. Da hannunsa ya ɗinka labulen ƙofa, ya aika ƙauye cewa ranar Asabar zai zo da mota. Ranar Laraba sai ga ma'aikatan hukuma da taswira a hannu. Suka gwada, suka nuna masa cewa bangon baya ya hau taku uku a kan hanyar da aka ware wa ruwan layin gaba ɗaya, suka shafa wa bangon jan fenti. Babbansu bai ɗaga murya ba, ya ce, "Da ka jira mu, da mun ce ka ja baya taku uku kawai, filinka ya ishe ka." Tela ya garzaya wurin mai unguwa. Mai unguwa ya ce shi yardar maƙwabta ya shaida, goro ba ya kawar da layin hukuma. Ana cikin wannan kai-kawo aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Ruwa ya zo ya tarar an toshe masa hanya, ya juya ya faɗa gidajen mutanen nan biyu da suka ci goronsa, har ya jiƙa musu hatsi. Daga nan bai sake samun bakin roƙo ba. Aka rushe ɗakin yana tsaye, labulen na naɗe a hammatarsa.

Sai a lokacin ya koma ofishin ya bi layin da ya raina. Izini ya fito a kwana talatin da shida, bai ma cika arba'in ɗin ba. Amma damina ta riga ta yi tsakiya, yau a ɗora bulo, gobe ruwa ya hana. Can ƙauye kuwa ɗakin tsohuwa ya zube, wata maƙwabciya ta ba ta gefen tabarma, sanyi ya shige mata ƙirji. Ya je ya durƙusa ya roƙe ta da hawaye ta zo ko a falonsa ne ta zauna. Ta kawar da kai, ta ce a hankali, "In an gama ɗakin." An gama shi da kaka, ɗaki mai kyau, a daidai inda doka ta ce. Kwana takwas kafin a sa masa ƙofa Allah ya karɓi abarsa. Wallahi, abin da tausayi. Har yau kowace safiya yana wucewa ta gaban ɗakin nan, labulen na rataye, babu wadda zai durƙusa ya gaisar.

Saboda haka bar bulonka ya sha rana, ba ya ruɓewa. Je ka su zo su gwada. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.