Tsuntsuwa a Ɗakin Ajiyar Magani

Duk wanda ya ji albashin Mai Magani da na mijinta Injiniya sai ya ce waɗannan sun haye. Ita ce shugabar sashen magunguna a wani babban asibiti, shi kuma yana aiki da kamfanin gina gadoji. A hawa na huɗu suke zaune, cikin wani bene mai maigadi da injin wuta. To amma ku masu karatu ku sani, kafin goma ga wata haya ta cinye albashinsa, gidan renon yara ya lashe rabin nata. Sauran kwanakin hannu baka hannu ƙwarya ake yi, cikin kaya masu guga.

'Yarsu ɗaya, shekararta biyu da rabi. Tsuntsuwa ake ce mata, don bakinta ba ya hutawa.

A wata ɗaya mai benen ya ƙara haya, gidan reno ma ya ƙara nasa. Yayar Mai Magani ta ga ƙanwarta ta rame, ta tsare ta.

"Ku sauko daga benen nan. Akwai ɗaki biyu kusa da ni, rabin kuɗin."

"Yaya, ban yi shekara shida ina karatu don in koma inda na fito ba."

"To karatun ne zai riƙe miki yarinya?"

Mai Magani ta yi kunnen uwar shegu. Injiniya ma da ya ji, cewa ya yi, "Yaran da ke ƙarƙashina a ofis su ji na koma ɗaki biyu? Da wane ido zan dube su?"

Sai suka yi dabara. Suka rage kwanakin reno zuwa uku. Talata da Alhamis uwar takan shigo da Tsuntsuwa ta ƙofar baya, ta shimfiɗa mata bargo a ɗakin ajiyar magani, bayan kantar miƙa magani, ta ba ta 'yar tsana da biskit. Ba sakarya ba ce, ta san aikinta. Duk wani magani mai haɗari ta mayar da shi can saman kanta, firij kuma ta sa masa kwaɗo.

Abu ɗaya ta manta. A ƙarƙashin tebur akwai kwalin da ake zuba magungunan da wa'adinsu ya ƙare kafin a zo a kwashe a ƙona. A idon mai sana'ar, wannan shara ce, ba a ma lissafa ta cikin magani. A idon yarinya kuwa, ƙwayoyin ƙarin jinin da ke cikin kwalin jajaye ne masu zaƙin baya, kamar alewa.

Wata Alhamis da hantsi, layi ya kai har baranda. Mai Magani tana ta miƙa magani, sai ta lura ta daɗe ba ta ji surutu daga ciki ba. Ta leƙa. Tsuntsuwa na kwance jikin kwalin, bakinta ja, tana amai.

Kwana biyar yarinyar ta yi a ɗakin masu tsananin ciwo, a asibitin da uwarta ke shugabantar sashen magunguna. Ta rayu, amma likita ya ce hantarta ta taɓu, za a daɗe ana zuwa dubawa. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta tsani kanta.

Ranar da kwamitin asibiti ya kira ta, Injiniya ya ja ta gefe a baranda.

"Maman Tsuntsuwa, ki ce ranar ce kawai kika kawo ta. Kada ki ambaci kuɗi, ki rufa mana asiri."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Rufin asirin ne ya kwantar da 'yata. Na gama da shi."

Ta shiga, ta ƙi zama.

"Wata uku ina kawo ta, duk Talata da Alhamis," in ji ta. "Kuɗin reno ya fi ƙarfinmu, muka ji kunyar faɗa. Laifina ne, ban zo ɗora wa kowa ba. Amma ku rubuta a takardarku cewa a asibitin nan ma'aikata mata masu goyo sun fi ɗari, kuma babu ɗakin reno ko ɗaya. In kun zaga bayan kantoci, ba 'yata kaɗai za ku gani ba."

Shugaban kwamitin ya sunkuyar da kai, amma doka ba ta sunkuya ba. Aka kore ta daga aiki, aka dakatar da lasisinta na shekara guda.

Ta fito idonta a bushe, ta tarar da mijinta yana jira.

"Jibi mota za ta zo ta kwashe kayanmu, ni da yarinya. Kusa da Yaya za mu koma. In za ka biyo mu, bismillah. In kuma benen ka aura, Allah ya bar ku tare."

Ya biyo su, da akwatinsa a hannu. Amma aikin matar ya riga ya tafi, kuma har yau duk ƙarshen wata sai an ɗebi jinin Tsuntsuwa an auna, tana kuka tana kiran uwarta.

Jama'a, babban albashi ba ya hana mutum shiga matsi, kuma faɗin haka ba abin kunya ba ne. In gida ya fi ƙarfinku, ku sauko tun da wuri. Kada ku rage daga tsaron 'ya'yanku don ku burge mutanen da ba za su yi muku jinya ba.