Sunan Aro

Tun ranar da 'yan migra, jami'an shige da fice, suka zagaye masana'antar yankan kaji suka kwashe ma'aikata har da mijin Remedios, Chato bai bar ta ta hau bas ba, shi yake kai ta ko'ina a motarsa. Abokin mijinta Fidencio ne, tun kafin ita ta tsallako iyaka bara da 'yarsu. Kamar kowa a unguwar, da laƙabi aka san shi: Chato, wato Mai Baje Hanci a yarensu, saboda hancinsa kamar an zauna a kai.

Yana da lokaci. Tun da gidaje suka daina sayuwa kamfanin gini ya sallame shi da abokan aikinsa, aka bar katakon rufi ruwa yana duka. Duk da haka kowace Asabar sai ya ajiye mata garin masara da wake a bakin ƙofa.

"Don Chato," ta ce, da kiran girmamawa irin nasu, "kai ma fa zaman kashe wando kake. Ko tukunyar zinariya ka tono?"

"Ke dai ki ci, Doña Reme."

Abu ɗaya ne ya ƙi yi mata. Ita ba ta da takardu, ba ta isa ta je gidan da ake tsare da Fidencio ba, inda sai an duba katin shaidar mai ziyara. Shi nasa takardun cikakku ne. Ta roƙe shi ya je ya gano mata ko mijin yana cin abinci. Yau ya ce tayar mota, gobe ya ce ciwon baya.

Ran Talata ya kai ta zauren coci, wurin lauyar ƙungiyar kare haƙƙin baƙi. Ya ja kujera can baya, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Lauyar ba ta ɓoye komai ba. Da ƙetare iyaka ne kaɗai laifin, da tuni an yi maganar beli. Amma Fidencio da sunan wani yake aiki, kamar rabin masu fiɗar kajin nan. Mai sunan, wani Abundio Quiroz, ya rasa nasa aikin, ya je neman tallafin marasa aiki. Aka ce masa ai ga shi nan yana aiki a gidan kaji. Ko dai ya amsa cewa shi ya ba da aron sunan, ko ya ce sace masa aka yi. Ya ce sacewa aka yi. Wannan zaren aka ja har aka kai ga masana'antar.

Lauyar ta ce, "Yanzu satar suna ake tuhumar mijinki da ita. Kurkuku tukuna, sannan a kore shi."

"Babu mafita?" in ji Remedios.

"Sai in mai sunan ya fito ya ce da yardarsa aka yi. In ya yi haka, shi ma takardunsa na iya tafiya. Mijinki kuma ya kafe, ya ƙi faɗin inda ya samo sunan."

A mota ba ta yi kuka ba, zagi ta yi ta yi. Ta ce mai sunan nan ko a ina yake, Allah ya hana shi barci. Ta ce mijinta ma wawa ne, ya zauna yana rufa wa wani asiri alhali 'yarsa kullum tana tsaye a taga. Chato ya riƙe sitiyari hannu bibbiyu. Fitilar hanya ta ba da hannu, sai da na baya ya danna ham sannan ya ja.

A ƙofar gida ta sauka, ta sake leƙo da kai ta taga. Fushin ya sauka, muryarta ta yi laushi.

"Ka ga duniya. Wani ya jefa mu rami, wani kuma da bai haɗa jini da mu ba ya ɗauke mu a ka. Ba ni da abin saka maka. Amma ran Lahadi zan ba Fada, limamin cocinmu, sunanka, ya ambace ka a addu'a gaban jama'a."

"Ki bar shi kawai."

"Ban bari. Sai dai ba zan ce a yi wa Mai Baje Hanci addu'a ba, mutane su yi ta dariya a coci. Wane suna aka yi maka baftisma da shi?"

Yarinyar ta fito da gudu ta rungume ƙafar uwar, tana leƙen bayan motar ko an zo da babanta. Chato ya dubi yarinyar. Ya kashe injin, ya cire hular, ya buɗe ƙofa ya sauko, don maganar ba ta zaune ba ce.

"Abundio," ya ce. "Abundio Quiroz."