Fim Ɗin Da Ya Kira Sunanta

Wata uku ke nan Tahira na takaba a ɗaki guda a Sabon Gari, tun da mota ta kaɗe mijinta a hanyar Tibiri, direban ya gudu.

Ƙaninta Barmo, mai fassara finafinan Indiya, ya zo ɗakinta, ya tura mata sabon aikinsa a waya. "Kalli wannan, Yaya, ya ɗebe miki kewa." Ya ɗaga labule ya fita.

Can ƙarshen fim, mai laifin ya durƙusa gaban matar mamacin yana kuka. Da wuƙa ya yi kisan, amma muryar Barmo cewa ta yi, "Wallahi ban gan shi ba. Tsoro ne ya hana ni tsayawa. Ki yafe mini, Yaya Tahira."

Ta ɗaga kai. Ga ƙafafun Barmo a ƙarƙashin labule, bai tafi ba.